Inna ta ce su ba su san wannan zafin ba. Da gaske ne, ko haɗiyewa suka yi?

Maman_Sadiq_Jekadafari:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a nan ban taɓa cewa uffan ba, yau dai tura ta kai bango. Shekarata 47. Tun bayan babbar sallar bara al'adata ta rikice. Sai ta yi wata biyu babu, sai ta zo kamar an kwance famfo, sai kuma ta sake ɓacewa. Wannan bai dame ni kamar zafin ba. Ina zaune lafiya lau sai in ji wani zafi ya taso daga ƙirji, ya hau wuya, ya mamaye fuska, kamar na leƙa tukunyar tuwo tana tafasa. Bayan 'yan mintoci ya wuce ya bar ni sharkaf. A watan Janairu fa, Baban Sadiq na ƙudundune cikin bargo, ni ina tsakar gida ina fifita da faifai. Sau uku ina shan maganin maleriya daga kemis, sau ɗaya na taifot.

Makon jiya na je Dukku gaida Inna, na daure na faɗa mata. Ta dube ni ta ce, "Mu dai jini ɗaukewa yake yi, mu gode wa Allah mu ci gaba da sallarmu. Wannan zafe-zafen naku ne, ku da kuka saba da fanka." Surukata kuma cewa ta yi ciki ne ya kwanta, in nemi rubutu.

Shi ne nake tambaya, da gaske iyayenmu ba su ji abin nan ba, ko ji suka yi suka haɗiye?

Hajiya_Bolari:
Wa alaikumus salam. Haɗiyewa suka yi, 'yata. Matar da ta haifi goma a ɗaki ta cije zani don kada a ce tana da raki, ita ce za ta zauna ta ce miki zufa ta dame ta? Balle Innarki mutuniyar Dukku. Semteende da munyal aka raine su da shi, kunya da haƙuri. Ni shekarata 58, na yi wannan zafin kusan shekara biyar, kuma yau ne karo na farko da na faɗa wa wani.

Nas_Rabi:
Maman Sadiq, don Allah ki ajiye maganin maleriyar nan sai in gwaji ya nuna. Abin da kika kwatanta ya yi kama da gabatowar ɗaukewar al'ada. Ƙwayayen haihuwa na raguwa, sinadarin istirojin na hawa da sauka kafin ya sauka gaba ɗaya, shi ne yake rikita wurin da ke daidaita zafin jiki a ƙwaƙwalwa. Yawancin mata abin na zuwa musu tsakanin shekara 45 da 55. Ba a cewa ta ɗauke sai an yi wata 12 cur ba a ga komai ba. Kafin nan ciki na iya shiga, kada ki saki jiki. Amma wannan "kamar an kwance famfo" ɗin shi nake so a duba, a auna yawan jininki, a yi hoton mahaifa, a auna hawan jini tunda kin je.

Ummu_Haidar:
Ni dai kada a yi saurin ƙaryata surukarta. Kwantaccen ciki ba ƙarya ba ne, a littattafan Malikiyya ma an ce ciki na iya kai shekara huɗu ko biyar. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Nas_Rabi:
@Ummu_Haidar yanzu ai ba sai an hau rimi ba, minti goma na'ura za ta nuna ko akwai ɗa ko babu. Na taɓa karɓar wata baiwar Allah daga wani ƙauye ta wajen Kumo, shekara uku tana jiran cikin ya tashi, har da kayan jariri a ƙullin zani. Da aka duba, ƙari ne a mahaifa, kuma shekarunta sun haura 50.

Adda_Jummai:
Ku tsaya ku ji. Ni ban yarda tsofaffin nan wauta ce ke sa su cewa ciki ya kwanta ba. Sun san abin da suke yi. A gidan da ake mata uku, wace ce za ta fito ta ce "na daina haihuwa"? Gobe a bakin murhu za ki ji an jefo miki habaici. Amma in aka ce cikinta ne ya kwanta, to har yanzu tana cikin lissafi, mai gida ma zai riƙa lallaɓa ta. Rufin asiri ne. Kakata ta yi wa 'yarta irin wannan, kuma na tabbata ta san babu wani ciki. Matsalar kawai, rufin asirin yakan hana zuwa asibiti.

Ummu_Haidar:
Hmm. Wannan kuma wata magana ce, Adda.

Malama_Asmau_Pantami:
Bari in ɗan sa baki ta ɓangaren addini, tunda an taɓo Malikiyya. Abin mamaki, mu ne muke jin kunyar maganar, Alƙur'ani bai ji ba. A Suratuɗ Ɗalaƙ aya ta 4 an ambaci matan da suka yanke ƙauna da haila, aka ce iddarsu wata uku ce. A Suratun Nur aya ta 60 kuma an yi wa tsofaffin mata da ba sa tsammanin aure sassauci wajen ajiye mayafin waje, ba tare da bayyana ado ba, aka ce kamewa ta fi musu alheri. A mazhabarmu kuma malamai sun ce daga shekara 50 zuwa 70 in mace ta ga jini tana shakka, mata ake tambaya, bayan 70 kuwa ba haila ba ne. Ku lura, "a tambayi mata" aka ce. Wato an ɗauka matan suna tattauna abin a tsakaninsu. Mu a ajinmu na Islamiyya babin haila da na biƙi mukan yi sati uku a kai, na ya'isa, wato wadda ta yanke ƙauna da haila, kuwa layi biyu ne mu wuce. Laifinmu ne, har da ni.

Zee_Tumfure:
Malama, ni kalmar nan ta "yanke ƙauna" ce ke sosa min rai wallahi. Sai ka ce an gama da mutum.

Malama_Asmau_Pantami:
Da haila aka yanke ƙauna, Zee, ba da rayuwa ba. Sauran mu muka ƙara da bakinmu.

Goggon_Yara_Kumo:
Ni kam ku yi haƙuri, daɗi na ji. Ba na musun akwai wahala, na yi ciwon gwiwa da rashin barci. Amma azumin farko da na kai tun daga ganin wata har sallah ban sha ko ɗaya ba, ranar idi kuka na yi. Tun ina 'yar shekara 14 nake ramuwa. In ba haila ba ciki, in ba ciki ba goyo. Akwai shekarar da bashin ya taru har na rasa lissafi sai da na je wajen malam. Goman ƙarshe kuwa kullum cikin fargaba nake kada abin ya zo a daren 27. Yanzu tahajjud ba fashi. Da na je Makka ina kallon yara mata na ta haɗiyar ƙwayar tsai da al'ada suna lissafin ranar ɗawafi, ni ko a jikina.

Sannan wani abu. Shekara talatin ba na fita ƙofar gida sai da izini da ɗan rakiya. Yanzu Malam ko tambayata ba ya yi. Ni ke zuwa kasuwa sarin gyaɗa, ni ake kira in an yi haihuwa a unguwa, ni ake kira wankan gawa, in aure ya rikice ni ake turawa biko. Da can wa ya san da ni? Don haka in Innar Maman Sadiq ta ce godiya ta yi, ni na gane abin da take nufi.

Bint_Abdullahi:
Goggo, Allah ya ƙara miki lafiya, amma ba kowa ya samu irin naki ba. Bari in faɗi nawa tunda ba a san fuskata ba.

Tawa ta ɗauke ina 49. Abin da ba wanda ya gaya min shi ne bushewa. Kwanciyar aure ta koma min azaba, kamar an zuba barkono, washegari fitsari ma da zafi. Na sha maganin sanyi har na gaji, na asibiti da na gargajiya. Kunya ta hana ni gaya wa Alhaji, sai na riƙa ƙirƙiro ciwon kai. Shi kuma ya ɗauka gudunsa nake yi. Shekara ba ta zagayo ba ya auro yarinya sa'ar 'yata ta biyu. Ranar walima ƙannensa na ta cewa "ai Hajiya ta huta, yanzu sai tasbaha." Ina murmushi ina raba alawa. Bayan wata uku na ce na bar mata kwanana. Aka yi ta yabona, wai na yi koyi da Nana Saudatu. Babu mutum ɗaya, ko a cikin 'yan uwana na jini, da ya ja ni gefe ya ce me ya sa.

Ba auren ne ya fi min ciwo ba, Allah ya halatta masa. Ciwon shi ne daga baya na ji ashe abin nan yana da magani.

Nas_Rabi:
Yana da shi, Hajiya, kuma har yanzu ba ki makara ba. Raguwar istirojin ce ke sa fatar wurin ta yi siriri ta bushe, ba sanyi ba ne, shi ya sa maganin sanyi bai yi komai ba. Akwai man santsi mai ruwa-ruwa da ake sayarwa a manyan kemis, akwai kuma kirim na istirojin da likitan mata ke rubutawa. Shi zafin jiki yakan lafa da kansa bayan wasu shekaru, ita bushewar kuwa ba ta cika tafiya da kanta ba. Ki nemi likita mace in hakan zai fi miki sauƙi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Malama_Asmau_Pantami:
Kuma a sani, Nana Saudatu da ra'ayin kanta ta bar wa Nana A'isha kwananta. Ɗaukewar haila ba ta sauke wa mace haƙƙin kwana ko ciyarwa. Wadda ta yafe ma tana da ikon cewa ta fasa.

Hajjaju_Kayan_Harka:
Matan gida ku daina kuka!! Akwai haɗin 'yar gata na musamman mai dawo da al'ada da ni'ima ko kin kai shekara 60, da matsi da gumba da tsumi. Muna aikawa Gombe, Bauchi, Azare har Yola. A yi min magana ta akwati.

Admin_Maryam:
Hajjaju, an sha gaya miki ranar Juma'a ce ranar talla. Wannan gargaɗi na ƙarshe ne.

Zee_Tumfure:
Mai dawo da al'ada a shekara 60 😂 Goggon Yara, ga masu son mayar da ke ramuwar azumi.

Goggon_Yara_Kumo:
Allah ya tsari gatari da saran shuka. Ta riƙe kayanta.

Nas_Rabi:
Dariya a gefe, matsin nan da ake cusawa, musamman mai alif ko kanwa, ƙara busar da wurin yake yi, ya yi rauni. Kuma duk abin da ya sa mai shekara 60 zubar jini ba al'ada ya dawo mata da ita ba.

Dr_Hadiza_Tudunwada:
Ni ba likitar asibiti ba ce, ilimin zamantakewa nake koyarwa, amma tambayar Maman Sadiq ita ce ainihin wadda masu bincike suka yi ta kokawa da ita, don haka bari in ɗan tsawaita.

Wata masaniya mai suna Margaret Lock ta yi bincike a Japan a shekarun 1980, ta tambayi mata fiye da dubu masu shekara 45 zuwa 55. Kusan ɗaya cikin goma ne suka ce sun ji wannan tasowar zafi a 'yan makonnin da suka gabaci tambayar, alhali a Kanada da Amurka kusan ɗaya cikin uku ne. Abin da matan Japan suka fi kuka da shi shi ne sanƙarewar kafaɗa. Kalmarsu ta wannan lokaci, konenki, ba tsayawar jini kaɗai take nufi ba, wani zango ne mai tsawo na sauyin rayuwa.

Wata kuma, Yewoubdar Beyene, ta zauna da matan ƙabilar Maya a wani ƙauye a Meziko. Ba su kawo maganar zafin ba sam, murna ma suke yi da ɗaukewar. Matan nan aure da wuri, haihuwa da yawa, shayarwa mai tsawo, ta yadda al'adar ma ba kullum suke ganinta ba. Ba ku ga kamar iyayenmu ba? Daga baya aka auna jininsu, aka tarar sinadaran sun sauya daidai da na matan wasu ƙasashe. Jiki ya yi abin da yake yi, amma labarin da suka bayar daban. Tun 1975 ma Marcha Flint ta rubuta cewa matan Rajput a Indiya ba su cika kuka da abin ba, kuma a wajensu lokacin ne ake sassauta musu kulle. Goggon Yara ke nan.

Sai dai kada a ce to duk tunani ne. Wani babban bincike a Amurka da ya bi dubban mata shekara da shekaru ya nuna a 2015 cewa masu fama da zafin akai-akai yakan kai su kimanin shekara bakwai, baƙaƙen fata kuwa kimanin goma, sun fi kowa daɗewa. Don haka ni ba zan rantse Inna ɓoyewa ta yi ba, ba kuma zan rantse ba ta ji ba. Mai yiwuwa ta ji, amma ba ta sa shi a layin ciwo ba. Matar da take daka, take surfe, take girkin itace a zafin watan Afrilu, zufa ba labari ba ce a wajenta.

Hajiya_Bolari:
Dakta, duk na ji. Amma su matan Meziko ɗin, wa ya tabbatar ba su ma da irin kunyarmu? Baƙuwa ta zo da littafi da biro tana tambayarki abin da ke ƙarƙashin zani, me za ki ce mata in ba "lafiya lau" ba?

Dr_Hadiza_Tudunwada:
Hajiya, kin kama inda masu binciken kansu ke gardama. Ba ni da amsar da za ta rufe bakinki.

Mama_Rifkatu_Billiri:
Salama gare ku. Ni Batangaliya ce, kuma abin da kuke faɗa kamar a gidanmu. A zumuntar mata ta cocinmu an taɓa gayyato wata nas ta yi mana bayani. Da farko tsofaffi dariya suka yi ta yi, suna rufe baki da gefen ɗankwali. Can wata mama da ta haura 70 ta ce ita a lokacinta ta ɗauka maita aka yi mata, har ta daina cin abincin matar ƙanin mijinta shekara biyu. Daga nan fa sai kowa ta ɓalle, mai faɗuwar gaba, mai mantuwa, mai kuka ba dalili. Taron awa ɗaya sai da duhu ya yi. To ga shi dai sun ji, sunan da suka ba shi ne daban.

Maman_Khairat:
Assalamu alaikum, ku yi haƙuri, ba Maman Khairat ba ce, mijinta ne, ita ta miƙo min wayar ta ce in karanta. Na karanta tun daga sama. Ina so in ce mu maza ba wanda ya taɓa gaya mana wannan. Mun san haila, mun san jego, shi ke nan. Shekara biyu da suka wuce ta koma faɗa kan abin da bai kai ya kawo ba, ba barci, cikin dare ta tashi ta buɗe taga. Wani abokina ya ce shafar aljanu ce, har ruƙiyya na kai ta sau biyu. Yanzu ga ta nan tana harara ta.

Zee_Tumfure:
Admin, namiji a zaure!

Admin_Maryam:
An yi masa afuwa na yau tunda da izinin mai waya ya shigo. Malam, a mayar mata da wayarta, a kuma biya kuɗin asibiti.

Adda_Jummai:
A bar shi ya kai labari majalisarsu. Da Alhajin Bint_Abdullahi ya ji irin wannan a bakin wani namiji, wa ya sani.

Baiwar_Allah_36:
Kuna ta maganar 47 da 50. Ni shekarata 36, shekara biyu ke nan ban gani ba, kuma ban taɓa haihuwa ba. An yi gwaji an ce ƙwayayen ne suka daina aiki da wuri. Ban gaya wa kowa ba sai mijina. Duk wata nakan yi fashin sallah na ƙarya a gaban surukata, in shiga ɗaki in kulle in yi sallata a ɓoye, don kada ta gane. A wajen Goggo hutu ne saboda ta tara 'ya'ya da jikoki. Ni wane suna za a kira ni da shi?

Ummu_Haidar:
Allahu Akbar. 'Yar uwa kada ki fid da rai. Wanda ya ba Annabi Zakariyya ɗa bayan tsufa yana nan. Akwai wani mai magani da na sani, mata da yawa sun dace.

Bint_Abdullahi:
Ummu Haidar, addu'a kam muna taya ta, amma don Allah kada a sake tura ta wajen wani mai magani. Na tabbata ta zaga su har ta gaji. Ƙanwata, na karanta naki sau uku. Yin sallah a ɓoye a gidan aurenki, wannan ya fi nawa nauyi.

Nas_Rabi:
Baiwar Allah, wadda abin ya zo mata kafin shekara 40 lamarinta daban ne. Ba maganar haihuwa kaɗai ba, ƙashi da zuciya na buƙatar sinadarin nan, shi ya sa likitoci kan ba da maganin maye gurbinsa har zuwa shekarun da al'ada kan ɗauke, in babu wani dalilin da ya hana. In ba a ɗora ki a kai ba ki koma ki tambaya, ki nemi ɓangaren mata a asibitin koyarwa na nan Gombe. Yi min magana ta akwati in kina so.

Fatee_Manchester:
Gaisuwa daga Ingila, 'yar Herwagana ce. Nan kuma abin ya juye. A talabijin ana maganarsa, a wurin aiki ana maganarsa, 18 ga Oktoba ma rana ce ta musamman da aka ware masa. Maganin maye gurbin sinadarin kuwa har na mannawa a fata akwai. An guje shi sosai bayan wani bincike na Amurka a 2002 ya tsorata mutane da batun sankarar mama, yanzu an dawo ana cewa ga yawancin masu ƙasa da shekara 60 amfaninsa ya fi haɗarinsa, bayan likita ya duba tarihin mace. Amma ku ji, abokan aikina tsufan kansa suke tsoro, kamar mutuwa. Ba wanda zai russuna ya gaishe ki don kin yi furfura. Su suna da magani ba girma, mu muna da girma ba bayani.

Zee_Tumfure:
Anti Fatee mu nan fankar ma sai an kawo wuta. Dakta, an ce waken suya ne sirrin matan Japan, to mu da muke cin awara kullum fa?

Dr_Hadiza_Tudunwada:
An yi ta zargin waken, amma gwaje-gwajen ba su tsaya a magana ɗaya ba. Ki ci awararki don daɗi. Kindirmo da zogale da ƙananan kifi dai suna taimakon ƙashi, waɗannan kuwa ba mu rasa su ba.

Safiya_Bajoga:
Ina so in koma kan abin da Nas Rabi ta faɗa a gurguje, kada ya ɓace cikin hirar awara. Ƙanwar babana ta yi shekara shida da ɗaukewa, sai jini ya dawo kaɗan-kaɗan. Murna ta yi. Kishiyoyi na tsokanarta wai ƙuruciya ta dawo, ita ma tana dariya. Duk sanda ta gani sai ta ajiye sallah, ta yi wanka, ta ci gaba. Ta tambayi tsofaffin gida, suka ce tsohon jini ne da ya taru yake fita, gara ya fita. Fiye da shekara ana haka. Sai da wari ya fara, ta rame, sannan aka kai ta. Sankarar bakin mahaifa ce, ta riga ta yi nisa. Ba ta kai azumi na gaba ba. Malama, "a tambayi mata" ɗin nan, ita ma ai matan ta tambaya.

Malama_Asmau_Pantami:
Allah ya jiƙanta da rahama. Kin yi gaskiya, Safiya, kuma na karɓi gyara. Tambayar mata don hukuncin sallah ce, ba ta tsaya a madadin asibiti ba. Daga yau in zan karantar da babin nan sai na haɗa da cewa duk jinin da ya dawo bayan shekara guda da ɗaukewa, ko ɗigo ne, a je a duba.

Maman_Sadiq_Jekadafari:
Na gode ƙwarai, ban zaci abin zai kai haka ba. Na je asibiti ranar Talata. Babu ciki, kwantacce ko tsayayye. Jinina ya yi ƙasa, an ba ni maganin ƙarin jini, an ce in dawo da sakamakon hoto.

Amma ga abin da ya sa na dawo. Na kira Goggo Dije, ƙanwar Inna, na karanta mata wasu daga cikin maganganunku. Ta yi ta dariya, ta ce, "Wace Innar? Ba ita ce shekarar da aka yi auren yayanku ta ƙaurace wa ɗaki ba?" Wai da tsakiyar hunturu Inna kan ja tabarma ta kwanta gindin randa, cikin dare a ji ta tana kwara wa kanta ruwa da moɗa. Har Baffa ya sa aka yi mata turaren iska. Ni ma sai yanzu na tuna, nakan fito fitsari in gan ta zaune ɗankwali a cinya, in ce Inna lafiya, ta ce tauraro take kallo.

Jiya na sake kiranta na tuna mata. Ta yi shiru, can ta ce, "Au, wannan? Ai wannan ba ciwo ba ne." Sai ta shiga tambayata ko Sadiq ya samu makarantar.

Hajiya_Bolari:
Ban faɗa ba? Haɗiyewa ta yi.

Dr_Hadiza_Tudunwada:
Ko kuma ni ce na faɗa, Hajiya. Ba ta ce ba ta ji ba, cewa ta yi ba ciwo ba ne.

Goggon_Yara_Kumo:
Ku bar baiwar Allah da taurarinta. Maman Sadiq, surukar taki fa, kin gaya mata ba ciki?

Maman_Sadiq_Jekadafari:
Tukuna, Goggo. Ɗazu ma ta aiko yaro da rubutu a galan. Yana nan bayan ƙofa, ban san yadda zan yi da shi ba.

Baiwar_Allah_36:
Anti Rabi, na turo miki saƙo, ki duba in kin tashi daga aiki.